Yaro Mai Galahanga: Wace Hanyar Horo Ta Fi Dacewa Da Iyali A Kaduna?

Ɗan ƙanwata ya cika shekara uku bai ce "Mama" ba. A kira sunansa ba ya waiwayowa, amma da an kunna fanka sai ya ƙura mata ido har a ɗauke wuta. Dangi kowa da tasa: wannan ta ce nauyin baki ne, babansa ma haka ya yi, waccan ta ce iska ce. Da likita ya ce galahanga ce, wadda suke kira otizim, sai muka shiga neman inda za a koya masa, muka tarar hanyoyin suna da yawa, kowa kuma tasa yake yabo.

Kafin ku biya ko sisi, a gwada jinsa. Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a nan Kaduna take, kuma kurma da mai galahanga sukan yi kama a idon iyaye. Daga nan sai likitan yara a asibitin koyarwa na Barau Dikko ko na Shika da ke Zariya, ko asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa. Ku faɗa musu in yana suma ko yana zabura, domin farfaɗiya takan haɗu da galahanga.

Hanyar da za ku fi jin sunanta ita ce ABA. Ana gutsuttsura abin da ake son yaro ya koya, a maimaita, in ya yi daidai a ba shi abin da yake so nan take. Wanke hannu, alal misali: buɗe famfo darasi ne, ɗaukar sabulu wani darasin. Ivar Lovaas na Amurka ne ya fito da sunanta a 1987, kuma awa 40 a mako yake yi wa yaran da ya yi bincike a kansu. Tana da amfani ƙwarai wajen koyar da shiga banɗaki, sa kaya da haƙurin jira. Tsadarta a yawan awannin take, ga kuɗin Keke Napep daga Rigasa ko Mando kullum. Akwai kuma manya masu galahanga da aka yi wa ita suna yara, waɗanda suka koka cewa an tilasta musu kallon ido da daina kaɗa hannu, abubuwan da ba sa cutar da kowa. Koken nan abin saurare ne. Wata cibiya da muka fara zuwa, a ƙofa ake karɓar yaro, uwa ba ta shiga. Mako biyu muka yi, yaron da ya hango ƙofar sai ihu. Muka janye shi, ban kuma yi da-na-sani ba.

Akwai wata hanyar mai sauƙin hali, wadda ake saka koyarwar a cikin wasa, kamar ESDM da aka tsara wa 'yan shekara ɗaya zuwa huɗu. Malama tana zama a tabarma ta bi abin da yaron ke so: in murfin tukunya yake juyawa, ita ma ta ɗauki nata, ta dakata, ta jira ya dube ta. Ga ƙaramin yaro na fi son wannan, sai dai masu horonta ba su da yawa.

Wadda nake ba kowa shawara ya fara da ita ita ce koya wa iyaye da kansu. A Manchester ta Ingila an gwada wani tsari mai suna PACT, inda ake ɗaukar bidiyon uwa tana wasa da ɗanta, sannan a zauna da ita a nuna mata inda yaron ya yi ƙoƙarin isar da saƙo ita ba ta lura ba. Da aka sake duba yaran bayan shekara shida, an tarar amfanin bai gushe ba. An kuma gwada irinsa a Indiya da Pakistan da ma'aikatan lafiya waɗanda ba ƙwararru ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya tana da nata darasin ga masu renon yara 'yan shekara 2 zuwa 9, ana samunsa kyauta a intanet. Malami awa ɗaya zai yi ya tafi. Uwa, kaka da yayyen yaro su ne da shi daga karin kumallo har kwanciya, to me zai hana ilimin ya zama a hannunsu?

Likitan koyar da magana yana tafiya tare da duk wadda kuka zaɓa. Shi ya nuna mana amfani da hotuna. Ƙanwata ta ɗauki hoton kofin yaron mai ruwan ɗorawa, aka wanke, ta manna a jikin randa. Kwana da kwanaki tana kama hannunsa ta cire hoton ta miƙa wa kanta, sannan ta ba shi ruwa. Ranar da ya ciro shi da kansa ya kawo mata kicin, zama ta yi a ƙasa tana kuka. In kuma yaronku ba ya jure ƙarar janareto ko injin aski, akwai masu horon ayyukan yau da kullum. Su da likitocin magana duk hukumar MRTB, mai kula da irin waɗannan ƙwararru a Najeriya, ce ke ba su lasisi, ku nemi gani.

Babu maganin da ke warkar da galahanga. Risperidone da likita kan rubuta don rage tsananin fushi ne da cutar da kai, kuma yana sa ƙiba, saboda haka kada a saya a kemis ba takarda. Duk wanda ya yi alkawarin warkarwa cikin wata uku, da ganye ko da allura, kuɗinku yake so. Addu'a kuwa ba ma fasawa, amma ba da duka ko turara wa yaro hayaƙi a rufaffen ɗaki ba.

In kun je cibiya, ku tambaya ko za ku zauna a ciki, da abin da suke yi in yaro ya ƙi, sannan su rubuta muku abu biyu ko uku da suke sa ran zai koya cikin wata uku. Namu sun rubuta neman ruwa, zama a fo da amsa sunansa. Biyun farko sun samu, na ukun muna kai.