Tumbin bayan haihuwa: ɗamara, zuƙe kitse ko tiyatar ɗame ciki?

An gama wankan jego, an yi arba'in, har an yaye yaro, amma ciki ya ƙi komawa. Da an buɗe Instagram kuma sai masu talla su yi ca: wannan da shayinta, waccan da ɗamararta, wani asibiti a Legas ko Istanbul da hotunan mata kafin aiki da bayan aiki. 'Yar'uwa, kafin ki tura wa kowa ko sisi, fara sanin abin da ya turo cikin naki. Abubuwa huɗu ne ke kawo tumbi, kuma kowace hanya ɗaya ko biyu kaɗai take gyarawa daga cikinsu.

Akwai kitsen ƙarƙashin fata, wanda kike iya damƙa da hannu. Akwai kitsen can ciki da ke lulluɓe da hanji, mai sa ciki ya yi tauri ya turo gaba. Akwai fatar da ta saki ta yi nanƙarwa, wani lokaci har ta zubo kan tabon tiyatar haihuwa. Sai wanda mata da yawa ba su san da shi ba, wato rabuwar tsokar ciki. Tsokoki biyu ne suka sauko daga ƙirji zuwa mara, kafaɗa da kafaɗa, juna biyu ke buɗa tsakaninsu. Wani bincike da aka yi a Norway, aka wallafa a 2016, ya samu wannan rabuwa a jikin kashi 60 cikin 100 na masu jego a mako na shida, kuma bayan shekara guda kusan kashi ɗaya cikin uku suna nan da ita. Ki kwanta rigingine, ki lanƙwasa gwiwa, ki ɗan ɗago kai, ki danna yatsu a saman cibiya. In yatsu fiye da biyu suka nutse a tsakani, akwai alamar rabuwa. Duk da haka ki je a yi miki hoton ciki, domin ƙari a mahaifa da hanjin da ke turo cibiya su ma suna kumbura ciki, kuma maganinsu daban ne.

Ɗamara ita ce mafi araha. Tana tallafar ciki da baya a makonnin farko na jego, tana kuma sa kaya su zauna a jiki. Iyakarta ke nan. Ba ta narkar da kitse, ba ta haɗa tsoka, ranar da kika cire ta ciki zai dawo yadda yake. Shayin rage teɓa kuwa, yawancinsa zawo da fitsari yake sawa, ruwan jikinki ne ke fita. An sha kama irin waɗannan kayan da sinadarin sibutramine a ɓoye, maganin da aka janye daga kasuwannin Turai da Amurka a 2010 saboda haɗarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Mai shayarwa kada ma ta kusance shi.

Gyaran abinci da motsa jiki su ne ke taɓa kitsen can ciki, wanda babu wuƙar likitan da ke kaiwa gare shi. Rage tuwo da shinkafa da lemon kwalba, tafiyar ƙafa kullum, da atisayen tsokar ciki a hannun ma'aikatan sashen gashin ƙashi na asibiti: wannan ne matakin farko ga kowa, har da wadda za ta ƙare a ɗakin tiyata. Mai ƙiba sosai likita na iya ɗora ta a kan alluran rage nauyi irin su Wegovy, amma ba a ba mai ciki ko mai shayarwa, kuma jabunsu sun yi yawa har Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da gargaɗi a 2024. Abin da duk waɗannan ba za su yi ba shi ne mayar da fatar da ta riga ta saki.

Akwai kuma na'urar daskarar da kitse, wadda aka fi sani da CoolSculpting. Babu yanka, babu allurar barci. Tana rage kamar kashi 20 zuwa 25 na kitsen wurin da aka ɗora ta, sai bayan wata biyu ko uku ake ganin canji. Ta dace da mai ɗan kitse kaɗan da fata mai ƙwari. Jefi-jefi takan yi akasin abin da ake so, kitsen ya ƙara girma ya taurare, abin da fitacciyar mai tallan kayan ƙawa Linda Evangelista ta bayyana a 2021 cewa ya same ta. Ga wadda ta haihu biyar, a ganina ɓarnar kuɗi ce.

Mu zo ga zuƙe kitse, wanda aka fi tallatawa. Likita na huda ƙananan ƙofofi, ya ɗura ruwa mai ɗauke da maganin kashe zafi da na rage zubar jini, sannan ya zura siririn bututun ƙarfe ya zuƙo kitsen ƙarƙashin fata. Tabon kaɗan ne, mace kan koma hidimarta cikin mako ɗaya ko biyu, ta sa rigar matsi ta makonni, kumburi kuma ya ɗauki watanni kafin ya sauka gaba ɗaya. Wadda aikin ke yi wa kyau ita ce wadda nauyinta ya kusa daidai, fatarta ba ta saki ba, tsokarta a haɗe. In fata ta riga ta saki aka kwashe kitsen da ke cike ta, sai ta ƙara yamushewa kamar buhun da aka zazzage. Kuma ba hanyar rage ƙiba ba ce: likitoci na ɗaukar abin da ya haura lita 5 a zama ɗaya a matsayin babban aiki mai ƙarin haɗari. Kada ƙanƙantar hudar ta ruɗe ki. Uwargidan tsohon shugaban ƙasa, Stella Obasanjo, ta rasu a Oktoban 2005 bayan irin wannan aiki a Marbella ta ƙasar Sifen, inda bututun ya huda mata hanji, kuma a 2009 kotu ta yanke wa likitan ɗaurin shekara guda saboda sakaci. Ba kuɗi ta rasa ba, ba kuma a lungu aka yi mata ba.

Wasu za su ce miki tunda an zuƙo kitsen, a mayar da shi mazaunai. Ki yi hattara ƙwarai. Idan kitse ya shiga manyan jijiyoyin jinin da ke cikin tsokar wurin, yana wucewa huhu ya kashe nan take, shi ya sa ake lissafa wannan aiki cikin mafi haɗari a duk tiyatar gyaran jiki.

Tiyatar ɗame ciki ita kaɗai ke magance sakin fata da rabuwar tsoka a lokaci guda. Ana yanka daga ƙugu zuwa ƙugu a ƙasan mara, a ɗinke tsokokin su haɗu, a jawo fata ƙasa a yanke rarar, a fitar wa cibiya sabuwar ƙofa. Babban aiki ne da allurar barci. Sau da yawa ana barin robar fitar da ruwa na kwanaki, za ki yi tafiya a duƙe a makon farko, kuma ba ɗaukar kaya mai nauyi har kusan mako shida, ciki har da goyo. Mai yaro a baya ta tanadi wanda zai riƙe mata shi. Haɗarin gudan jini a ƙafa ya tafi huhu ya fi yawa a nan fiye da yawancin ayyukan gyaran jiki. Tabon kuma dogo ne, na har abada, ga shi baƙar fata ta fi saurin yin tabo mai tsiro. In hujin kunne ko tabon tiyatar haihuwa ya taɓa yi miki tudu, faɗa wa likita tun zaman farko.

Abin da ya fi damuna a nan shi ne lokaci. Mace 'yar shekara 28 mai 'ya'ya uku, a al'adarmu da wuya a ce ta gama haihuwa. Ana iya ɗaukar ciki bayan wannan tiyata, amma cikin zai sake buɗa abin da aka ɗinke, miliyoyin da aka kashe su bi ruwa, kuma inshorar lafiya ba ta biyan aikin ƙawa. Ki zauna da maigida ku yi wannan magana ƙeƙe-da-ƙeƙe. In akwai sauran haihuwa, a dakata.

Ta fuskar addini, Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya, a zamanta na Putrajaya da ke Malesiya a 2007, ta halatta tiyata don gyara nakasa ko kawar da cutarwa, ta hana wadda ake yi don sauya lafiyayyar halitta saboda kwaikwayo ko son zuciya. Zuƙe kitse ta amince da shi idan ƙibar ta zama cuta, babu wata hanya, kuma an aminta daga cutarwa. Wadda fata ke zubo mata tana ƙuraje da wari a ƙarƙashi, ko rabuwar tsoka ke sa ta ciwon baya, ta kai wa malami bayaninta yadda yake.

Saura wa zai riƙe wuƙar. Ki nemi sunan likitan da kansa, ki tabbatar yana da rajista da hukumar likitoci ta MDCN, kuma ya ƙware a tiyatar gyaran jiki daga Kwalejin Likitocin Tiyata ta Afirka ta Yamma ko kwalejin ƙwararru ta ƙasa. Ƙungiyarsu a Najeriya ita ce NAPRAS, kuma asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano da na Shika suna da irin waɗannan likitoci, ko don jin shawara kawai. Tambayi wa zai ba da allurar barci, ko akwai ɗakin kulawa ta musamman da jinin ƙari, da kuma wanda za ki kira da tsakar dare. Kada ki ɓoye hawan jini, ciwon suga, sikila, shisha, ƙwayar tazarar haihuwa ko wani haɗin gargajiya da kike sha. In waje za ki, Turkiyya ko Masar ko Indiya, ki lissafa kuɗin zama aƙalla kwana 10 kafin hawa jirgi, ki kuma samu likita a gida da ya yarda zai duba ɗinkin tun kafin ki tashi. Bayan aiki, kumburin ƙafa ɗaya, sarƙewar numfashi, zazzaɓi ko ciwon ciki mai ƙaruwa ba abin jiran wayewar gari ba ne, a wuce asibiti nan take.