Kimanta Shekarun Tsohon Akodiyon Mai Maɓallai Kafin a Saya a Accra

A cikin kayan gwanjon da ake saukewa a tashar jiragen ruwa ta Tema akan ci karo da tsohon akodiyon mai maɓallai, wato kayan kiɗan nan mai zuga-zugi da ake buɗewa ana matsewa da hannu biyu, kuma idan ya iso hannun dillali a Nima ko Kantamanto, abin da za a fara gaya wa mai saye shi ne ya girmi 'yancin kan Ghana na 1957. Wataƙila gaskiya ne, amma kayan da kansa ya kamata a tambaya.

A fara da rubutun da ke jikinsa. Kamfanin Hohner na garin Trossingen a Jamus an kafa shi a 1857, sai dai bai fara ƙera akodiyon ba sai 1903, saboda haka duk wanda ke ɗauke da sunan nan bai wuce wannan shekara tsufa ba. Tambarin da ya ambaci Jamus ta Yamma ko ta Gabas ya tsare shekarun kayan tsakanin 1949 da 1990. Tambarin da ya ce Jamus kawai bai yanke hukunci ba, domin an yi amfani da shi kafin Yaƙin Duniya na Biyu, aka ci gaba bayan haɗewar ƙasar, har ma a tsakani wasu kamfanoni ba su daina ba. Jikin ma yana magana: katako mai fenti ya fi yawa a na farko, rufin roba mai sheƙi kuwa ya bazu ne tun daga shekarun 1920. Amma Hohner ya daɗe yana fitar da wasu samfura ba tare da sauya musu kama ba, don haka kada kwalliyar katako ta ruɗi kowa.

Shaida mafi ƙarfi tana ciki. A nemi izinin dillali a zare ƙananan ƙusoshin da ke riƙe da zuga-zugin, a leƙa harsunan da ke ba da sauti. Harsunan tagulla a kan farantan tutiya alamar tsufa ce sosai, kuma sau da yawa za a ga wani farin gari ya fito wa tutiyar. Harsunan baƙin ƙarfe a kan alminiyom sun fi yawa a na baya. A duba 'yan fatun da ke rufe kowane harshe, ko sun kwanta ko sun nannaɗe kamar busasshen ganye, sannan a taɓa kakin zuman da ke riƙe farantan. Idan ya tsattsage yana marmashewa, shekaru da dama sun wuce ba a gyara ba. Idan kuwa aka ga sabon kaki da 'yan robobi a madadin fata, wannan na iya zama shaidar gyara, ba lallai ta ƙuruciya ba.

Sautin ma abin aunawa ne da manhajar waya. An amince da ma'aunin 440, wato sautin da ake kira A ya riƙa girgiza sau 440 a daƙiƙa, a Landan a 1939, da yawa daga cikin na da kuma suna ƙasa da haka, wajen 435, abin da zai hana su daidaituwa da jita ko piyanon zamani.

Ga wanda zai ajiye don tarihi, na kafin yaƙi ya dace, muddin ya san gyaransa na iya fin kuɗin sayensa. Ga mai son kaɗawa, a ganina Hohner na zamanin Jamus ta Yamma ya fi, domin ana samun kayan gyaransa. Akodiyon Weltmeister na garin Klingenthal a tsohuwar Jamus ta Gabas yakan fi araha, kuma ba abin raini ba ne. Ko wanne aka zaɓa, iskar teku ta Accra tana sa harsunan ƙarfe tsatsa, damshi kuma yana ruɓar da kwalin zuga-zugi, don haka a shinshina ko akwai warin fumfuna, a kuma ɗaga shi ba tare da danna maɓalli ba: idan ya buɗe da sauri, iska na zurarewa, sai a rage farashi.