Cunkoson ranar kasuwa: rada daga sama, jirgi maras matuƙi, ko kyamara a kan turke?

Duk wanda ya taɓa bin gadar Wudil ranar Juma'a, ko hanyar shiga Maigatari ranar Alhamis, ya san yadda tirelolin shanu da a-kori-kura ke toshe hanya. Idan ƙaramar hukuma ko ƙungiyar direbobi na son na'urar da za ta hango gosulo tun kafin ya kankama, me ya kamata ta saya?

Rada da ake ɗaura wa jirgin sama ita ce ta fi burgewa. Tana harba igiyar rediyo ƙasa, ta dawo mata, daga sauyin da aka samu a igiyar sai ta gane gudun mota. Dare, hadari ko hazon hunturu ba sa hana ta gani. Cibiyar binciken sararin samaniya ta Jamus, DLR, ta gwada irinta a jirgi ƙirar Dornier. Amma fa ga matsalar: motsi take kamawa. Idan motoci suka tsaya cak, da wuya ta bambance su da rumfunan kwano da ke bakin titi, domin duk ƙarfe ne. Ga kuɗin jirgi da matuƙi da mai, ga ƙwararren da zai fassara hoton. Ba ta ƙaramar hukuma ba ce.

Hotunan rada na tauraron ɗan'adam mai suna Sentinel-1, wanda Turai ta fara harbawa a 2014, kyauta ne, sai dai yakan yi kwanaki bai sake ratsowa ba, kuma ba ya tantance mota ɗaya-ɗaya.

Jirgi maras matuƙi mai kyamara ya fi sauƙin kuɗi, batirinsa kuwa kimanin rabin awa ne. Sai da izinin hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasa, NCAA, da na jami'an tsaro, balle Maigatari da ke bakin iyaka. Hazo na dushe masa gani.

Google Maps kuwa da manyan wayoyin matafiya yake aiki. Inda yawancin direbobi ke riƙe da ƙaramar waya, kada a dogara da jan layin da yake nuna cunkoso da shi a taswira.

Ni dai da za a tambaye ni, kyamara mai sola a kan dogon turke a mashigar kasuwa ta wadatar, tunda wurin da ke toshewa sananne ne. Kafin a biya, a tambayi dillali ko tana gani da dare, da ko akwai mai gyara a Kano, a kuma sa yaron da zai riƙa goge ƙurar gilashin da farantin solar.