Tsinkewar agara: takalmin Ingila da filastar gida

Assalamu alaikum. Gaisuwa ga iyaye da yayye da ƙannenmu na Ringim da ƙauyukan kewaye, da fatan an yi girbi lafiya.

Duk lokacin da wani ya ji ciwo a agara, saƙon da ke zuwa mana nan Ingila ɗaya ne: "Don Allah ku aiko da takalmin nan na Turawa." Takalmin, wato dogon takalmin roba da asibiti ke sa wa mai wannan ciwo, yana da amfaninsa, amma kafin a samu matafiyin da zai riƙo shi an yi sati uku ko huɗu. A wannan ciwo kuwa, abin da aka yi a kwana biyun farko shi ke bin mutum har tsufa.

Agara ita ce jijiyar da ta haɗa naman sha-raɓa da ƙashin dunduniya, babu wadda ta kai ta kauri a jikin ɗan Adam. Takan tsinke ne a wajen santimita 2 zuwa 6 sama da dunduniya, inda jini bai cika isa ba, kuma ta fi samun maza 'yan shekara 30 zuwa 50. Mutum yana buga ƙwallo ko yana tura babur daga yashi, sai ya ji "ƙas", ya waiwaya yana neman wanda ya jefe shi da dutse, bai ga kowa ba. Abin da ke yaudarar mutane shi ne yana iya tashi ya ɗingisa har gida, yana ma iya motsa ƙafar, domin ƙananan jijiyoyin yatsu suna nan. Sai a ce targaɗe ne.

Gwajin da ma'aikacin jinya zai yi a nan ba ya buƙatar na'ura ko wutar lantarki, ana iya yinsa a zaure. A kwantar da mutum rub da ciki a kan benci, ƙafafunsa suna lilo a bakin bencin, a matsa naman sha-raɓa da hannu. Ƙafa mai lafiya za ta ɗan zabura, yatsu su yi ƙasa. Wadda ta tsinke ko gezau. Sau da yawa yatsa yana faɗawa cikin ɗan rami a wurin. Hoton ƙashi ba ya nuna jijiya, don haka kada wani ya dawo yana murna wai hoto ya nuna babu karaya. Sikanin ne ke nuna tazarar da ke tsakanin bakin jijiyar biyu.

Daga nan sai a miƙar da ƙafar, yatsu su kalli ƙasa kamar mai ɗage, a ɗaure ta a haka. Wannan zaman ne ke kawo bakin jijiyar biyu kusa da juna su haɗe. Masu ɗorinmu, Allah ya saka musu da alheri, hannunsu ya saba da ƙashi: su ja, su murza, su daidaita ƙafa a shimfiɗe yadda za ta taka ƙasa, su ɗaure da karare. A agara kowane ɗaya daga cikin waɗannan raba bakin jijiyar yake yi. Za ta warke, amma da tsawo fiye da na asali, kamar igiyar guga da ta saki. Mutum ya rasa ƙarfin ɗagawa a kan yatsu, ya riƙa jan ƙafa. Idan kuma aka wuce sati huɗu zuwa shida ba a gane ba, sai tiyata babba, wani lokaci har a aro jijiyar babban yatsa a cike gurbin.

A nan, mai takardar zama galibi yana biyan fam 1,035 a shekara na kuɗin lafiya tun wajen neman biza, saboda haka ranar da ya ji ciwo ba a karɓar ko sisi. Ana ba shi sanduna biyu da dogon takalmin roba mai kaiwa ƙasan gwiwa. Iri biyu aka fi gani. Aircast ana cusa masa matasan dunduniya, galibi uku zuwa biyar, a riƙa zare ɗaya bayan sati ɗaya ko biyu har ƙafa ta sauko. VACOped kuma yana da mahaɗi a gefe, a kulle shi a digiri 30, a riƙa sassautawa. Sati takwas zuwa goma ake yi a ciki, har da kwana. Wasu daga cikin waɗanda ke sake tsinka jijiyar wannan kuskuren suke yi: su cire takalmin da dare, su tashi fitsari cikin magagi, su taka.

To, ga abin da ya kamata ya kwantar muku da hankali. A shekarar 2020 aka fitar da sakamakon wani bincike da aka yi a asibitocin ƙasar nan kan mutum 540, wasu aka sa musu takalmin, wasu aka yi musu filasta, wato ɗaurin siminti na asibiti, irin wadda ake yi a Asibitin Ƙashi na Dala da Asibitin Malam Aminu Kano. Bayan wata tara ba a ga bambanci a ƙarfin ƙafarsu ba. Waɗanda jijiyarsu ta sake tsinkewa kashi 5 ne cikin ɗari a masu takalmi, kashi 6 a masu filasta. Abin da takalmi ya fi shi ne sauƙin rayuwa, mutum na takawa da wuri. Sharaɗin filasta shi ne a yi ta yatsu na kallon ƙasa, a koma a canza ta sau biyu ko uku ana ɗago ƙafar kaɗan-kaɗan, har sati takwas. Kuɗin motar komawa Kano shi ne abin da ya kamata dangi su haɗa tun ranar farko. A zafin watan Afrilu ma ban tabbata wanda ke cikin robar nan ya fi mai filasta jin daɗi ba.

Tiyata ba dole ba ce ga wanda aka gane da wuri. Wani bincike na ƙasar Norwe a 2022 ya nuna tana rage sake tsinkewa sosai, amma bayan shekara ƙarfin ƙafa kusan ɗaya ne, ga kuma haɗarin ruɓewar ɗinki, musamman ga mai ciwon suga ko mai shan taba. Yanka kuwa hukuncinsa daban. Idan lauje ne ko fartanya ko kwanon rufi, ko wayar tayar babur ta kama dunduniyar yaro, a rufe da tsumma mai tsabta a nufi babban asibiti a ranar, a yi allurar tetanus, likita ya ɗinke jijiyar kanta. Ɗinke fata kawai a kemis yana rufe ɓarnar ne a ciki.

Akan ba mutane da yawa a nan allurar hana daskarewar jini da suke yi wa kansu a fatar ciki. A tambayi likita kan wannan. Sha-raɓa ta kumbura da zafi, ko numfashi ya yi wuya, kada a jira wayewar gari.

Inda mutanen Ingila suka fi mu da gaske shi ne bibiyar gashin ƙashi bayan an cire takalmi, alhali motsin da suke koyarwa ba ya cin ko kwabo. A fara ɗaga dunduniya a zaune, sau 15, zagaye uku. Idan ya yi sauƙi, a tsaye da ƙafa biyu ana dafe da bango. Daga baya da ƙafa ɗaya, wanda kan ɗauki wata huɗu zuwa shida. Ban da miƙar da jijiyar da ƙarfi a watanni ukun farko. Su a can masai na zama gare su da kwalta, mu kuwa tsuguno da yashi, kuma babu abin da ke jan agara kamar waɗannan biyun. A huda kujerar roba a ɗora kan masai. Sallah a kan kujera, har sai mai gashin ƙashi ya ce ƙafa za ta ɗauki sujada. A ajiye silifas, a sa takalmi sau-ciki da ɗan tudun santimita ɗaya ko ɗaya da rabi a dunduniya. Huɗa da tayar da babur da ƙafar da ta ji ciwo su jira wata shida, ƙwallo wata tara zuwa shekara.

Sai maganar sifro, maganin kashe ƙwayoyin cuta, wanda a gida ake saye a kemis da zarar an ce taifot, a nan kuwa sai da takardar likita. Shi da danginsa suna raunana agara, tun 2008 hukumar magunguna ta Amurka ta sa aka buga gargaɗin a takardar bayaninsa. Haɗarin ya fi ga wanda ya haura shekara 60 da mai haɗa shi da magungunan rage kumburi irin su deksa ko firedinisolon. Wanda ke sha ya ji agara na ciwo, ya dakata ya ga likita.

Wanda duk da haka yake son a aiko masa da takalmin, ya fara da filasta tukuna, ya turo lambar takalminsa, ya kuma jaddada dogon yake so da matasan dunduniyarsa. Daban ake sayar da su, kuma gajeren takalmin na targaɗe ne.