Hunturun gida da sanyin Kanada: shirin mai ɗaukar hoto ba ɗaya ba ne

Wani ɗan'uwa a wannan zaure ya ce zai je Winnipeg ta Kanada a watan Janairu, yana so ya ɗauki hoto a waje, kuma ya saba aiki a hunturun Kano da Jos. Tambayarsa ita ce, shirin da ya saba yi a gida zai wadatar?

Malam, sai ka sake lale. Daren hunturu a Kano yakan sauko zuwa digiri 12 ko 13, Jos ta ɗan fi haka sanyi. Winnipeg kuwa matsakaicin yanayin Janairu wajen digiri 16 ne ƙasa da sifili, wani lokaci har ya wuce 30. Amma ba a lamba kaɗai bambancin yake ba. A hunturu ƙura ce abokiyar gabarka. A can ruwa ne: zufar jikinka, da raɓar da ke kwanta wa kyamara.

A gida singileti da shadda da suwaita sun isa, kafin hantsi ma ka cire suwaitar. A can auduga ce matsalar farko, domin tana shan zufa ta riƙe. Ka yi tafiyar minti 20 da jaka a baya, ka tsaya wuri ɗaya kana jiran haske, sai rigar cikin ta koma jiƙaƙƙen tsumma a bayanka. Saboda haka hawa uku ake yi. Wadda ke taɓa fata ta zama ta ulu ko ta zaren roba, riga da wando. Sai mai kauri mai riƙe ɗumi a tsakiya, sannan jakit mai tare iska da ruwa a waje. Amfanin hawa-hawa shi ne kana tafiya ka buɗe zif, ka tsaya ka rufe. Katuwar riga guda ɗaya ba ta ba ka wannan dama.

Hannu ne ke fara korar mai hoto gida. Safa biyu za ka sa, siririya a ciki wadda za ka iya juya maɓallai da ita, da babba mai haɗa yatsu huɗu wuri ɗaya. Takalmi kuma kada ya matse. Masu cusa safa uku a takalmin da ya yi musu daidai suna tare jini ne, ƙafar ta fi saurin sandarewa. Hukumar yanayi ta Kanada tana gargaɗin cewa idan sanyi da iska suka haɗu suka kai 28 zuwa 39 ƙasa da sifili, fatar da ke buɗe na iya daskarewa cikin minti 10 zuwa 30. Kunne da hanci ke nan.

Batir ba ya jin hunturun gida ko kaɗan. A can kuwa sanyi yana rage saurin sinadaran da ke cikinsa, sai kyamara ta nuna ya ƙare alhali da sauran caji. Ka tafi da uku, biyu a aljihun ciki kusa da ƙirji. Wanda ya mutu ka mayar da shi aljihu, yana jin ɗumi zai farfaɗo. Kada ka sa shi a caji yana sanyi ƙalau, cajin da aka yi ƙasa da sifili yana lalata shi. Yawancin kyamarori an rubuta musu aiki daga digiri 0 zuwa 40, wasu na Fujifilm har 10 ƙasa da sifili. Sukan yi aiki a ƙasa da haka, sai dai allon baya yana jinkirin nuna hoto.

A hunturu ba a canja lens, wato gilashin gaban kyamara, a fili saboda ƙura. Wannan ɗabi'ar ka tafi da ita, dusar ƙanƙara ma tana faɗawa ciki ta narke. Wadda za ka bari a gida ita ce hura gilashi da baki, domin tururin zai daskare a kansa nan take. Abin hura iska na roba da burushi mai laushi su ne maganin duka biyun.

Inda aka fi yin asara shi ne komawa ɗaki. A Kano ka kakkaɓe ƙura ka shige. A can idan ka shigar da kyamara mai sanyi ɗaki mai ɗumi, raɓa za ta rufe ta kamar kwalbar lemo da aka ciro daga firiji, har cikin lens da wayoyinta. Tun kana waje ka cire katin memori da batir, ka sa kyamarar a leda mai zif, ka matse iskar, ka rufe. Raɓar sai ta kwanta a bayan ledar. Ka bar ta awa ɗaya zuwa biyu, nesa da na'urar ɗumama ɗaki. Shiga mota mai ɗumi ma haka ne.

Sai haske. Hazo yana dusashe hoto, wannan ka sani. Dusar ƙanƙara kuma ruɗar ma'aunin hasken kyamara take yi, ya ga fari ya yi yawa ya rage, hoto ya fito toka-toka. Ka ƙara haske da +1 a maɓallin ƙara ko rage haske na kyamara, idan farin ya cika fili ka kai +2, kana duba allo kada farin ya ƙone.