Kwana goma a Birazil: garin da ya fi cancanta shi aka ba kwana biyu

Ni da Yayana muka sayi tsarin yawon buɗe ido na kwana goma a wajen wani kamfanin shirya tafiye-tafiye, wanda ba zan kama sunansa ba. Kwana huɗu a Riyo, biyu a Foz do Iguaçu, biyu a Salvador, sauran kuma hanya ta cinye. Kuɗin ya haɗa da jirgi, otal, karin kumallo da ɗan jagora a kowane gari. Biza da katin rigakafin shawara mu muka nema da kanmu. Daga Kano muka bi ta Adis Ababa zuwa São Paulo. Agogonsu na bayan namu da awa huɗu, shi ya sa kwanakin farko ƙarfe uku na dare idona biyu kamar mai gadi.

Ta fuskar jirgi da masauki ba ni da ta cewa. Ba a taɓa shanya mu a filin jirgi ba, ɗakunan kuma tsaf. Matsalar tana wajen rabon kwanaki da abinci.

Riyo dai ta ci sunanta, amma kwana biyu ya ishe ta. An kai mu dutsen Corcovado, inda mutum-mutumin nan na Yesu Almasihu mai buɗe hannuwa yake, wanda aka gama a 1931, tsayinsa mita 30 ban da dandamalin da yake kai. Kallon gari daga sama ne ya kai mu, sai ga shi an tsara mana hawa da tsakar rana, gajimare ya rufe komai. Ƙafafun mutum-mutumin kawai muka gani, muka sauko. A je da sassafe. Dutsen Pão de Açúcar ya fi mini daɗi: a cikin wani akwati mai gilashi da ke rataye a waya ake hawa, kuma tun 1912 ake wannan hawan. Gab da magariba, fitilun gari na kamawa ɗaya bayan ɗaya. Yaya kuwa filin Maracanã ne ya ɗauke masa hankali, inda Jamus ta ci Ajantina 1-0 a wasan ƙarshe na gasar cin kofin duniya ta 2014. Gaɓar Copacabana kuma, wanda zai je da iyali ya san irin shigar da zai tarar, ya kuma bar wayarsa a aljihu.

Iguaçu ba ta hotuwa, sai an gani da ido. Magangaran ruwa ne kusan 275 a jere, a faɗin kilomita 2.7, a kan iyakar Birazil da Ajantina. Na taɓa zuwa Gurara da damina na ɗauka na ga ruwa. Akwai wata siririyar gada da ke kai mutum gaban babban ramin da suke kira Maƙogwaron Shaiɗan, inda ruwan ke faɗowa daga kimanin mita 80. Ina magana da Yaya kafaɗa da kafaɗa, bakinsa kawai nake gani yana motsi. Rigar ledar da muka saya ba ta hana mu jiƙewa sharkaf ba. Sai wasu dabbobi masu dogon hanci da wutsiya zobe-zobe, wai su quati, ɗaya ya fizge mini ledar biskit ko kunya babu. Madatsar Itaipu ba ta cikin tsarin, mu muka ƙara kuɗi. Birazil da Paraguay ke da ita, tana iya ba da megawat 14,000, fiye da ninki biyu na wutar da ake raba wa Najeriya gaba ɗaya. Shiru na yi. A garin akwai Kwarori da yawa, irin dai na Kano, da masallacin Umar bn Khaɗɗabi mai farar ƙubba. Nan kaɗai muka ci nama hankali kwance.

Kamfanin ya yi mana alkawarin abincin halal a ko'ina, ashe zance ne. Abincin da suke ji da shi, feijoada, baƙin wake ne da naman alade, kuma ko waken yau da kullum sukan jefa masa kitsen alade. Sai da na haddace "sem porco", wato ban da alade, muka koma kan kifi da shinkafa.

Sai Salvador, a jihar Bahiya, babban birnin ƙasar na farko daga 1549 zuwa 1763. Muna fita daga lifta Lacerda, wadda ke haɗa garin ƙasa da na tudu, ƙamshin manja ya bugi hancina. Wata dattijuwa ce cikin fararen kaya da ɗankwali, zaune gaban kasko tana tsamo wani abu da matsami. Yaya ya leƙa ya ce, "Kai, ƙosai ne wallahi!" Shi ne kuwa. Acarajé suke ce masa: wake aka surfa aka niƙa, aka soya a manja, sai a tsaga shi a cusa yaji da busasshen jatan lande. Ya fi namu girma, ya kusa dunƙulen hannu.

Ɗan jagoranmu coci-coci ya yi ta zagawa da mu a unguwar Pelourinho, wadda ta samo sunanta daga turken da ake ɗaure bayi a yi musu bulala. Sai da na tambaye shi labarin Malê, sunan da ake kiran bayi Musulmi, sannan ya buɗe baki. Yaƙe-yaƙen farkon ƙarni na 19 a ƙasar Hausa da ta Yarabawa sun sa an sayar da kamammu da yawa zuwa nan. A 1807 aka bankaɗo shirin tawaye da Hausawa suka ƙulla. A daren 24 ga Janairun 1835 kuma, ƙarshen azumi, ɗaruruwan Musulmi, akasarinsu Yarabawa tare da Hausawa, suka fito cikin fararen riguna da layu a wuya. Kafin gari ya waye an murƙushe su a unguwar Água de Meninos. A gidajensu aka samu alluna da takardu da rubutun Larabci, wasu na nan ajiye a ma'adanar tarihi ta jihar. Bautar kanta ba a haramta ta ba sai 1888.

Da dare na ga arroz de hauçá a takardar abinci, wato shinkafar Hausawa. Shinkafa ce mai laushi kamar tuwo, da madarar kwakwa, aka ɗora mata busasshen naman sa soyayye da albasa. Yaya ya ce, "Gaya masa masu abincin ne suka zo." Na gwada da ɗan Fotugis ɗin waya, mai kawo abincin ya yi dariya, ban tabbata ya gane ba.

Washegari na roƙi a kai mu ma'adanar mu ga layun. Ɗan jagora ya duba takardarsa ya ce ba ta cikin tsari, kasuwar Mercado Modelo aka rubuta. Muka sayo hula da tsarabar yara, da asuba mota ta zo ta kwashe mu zuwa filin jirgi. Zan iya sake bin kamfanin, amma sai sun yarda su cire kwana biyu daga Riyo su ƙara wa Salvador, kuma a rubuce.