Hogwarts Legacy a kan PS5: yadda yatsuna suka saba da maɓallai

Makonni uku ke nan ina buga Hogwarts Legacy, wasan mayun nan da ya fito a watan Fabrairun 2023, a kan na'urar wasan bidiyo ta PlayStation 5 (PS5). Masu sharhi sun cika yabon kyan makarantar sihiri ta Hogwarts da dazuzzukanta. Ni kuwa abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne hannun wasan, wato na'urar maɓallan da ake riƙewa, domin a nan sabon shiga yake shan wuya.

Komai ya rataya ne a kan R2, maɓallin da ke bayan hannun wasan ta ɓangaren dama. In ka taɓa shi sau ɗaya, sandar sihirinka za ta yi harbin yau da kullum. In ka danne shi ka riƙe, sai maɓallan nan huɗu na dama, wato alwatika, da'ira, murabba'i da X, su koma sihiri huɗu da ka jera da kanka. To, su waɗannan maɓallan suna da nasu aikin idan ba ka riƙe R2 ba: alwatika garkuwar Protego ce, da'ira mirginawa ce don kauce wa duka, X kuma tsalle. Kwanakin farko na sha sakin R2 da wuri, ina nufin jefa Incendio, sihirin wuta, sai in ga ɗan wasana ya yi tsalle, abokin gaba kuma ya same ni a buɗe. Raina ya ɓaci sosai, har na ajiye wasan kwana biyu.

Abin da ya cece ni shi ne launi. Idan alama mai ruwan ɗorawa ta bayyana a kan ɗan wasanka, danna alwatika ka tare, in kuwa ka ci gaba da riƙewa zai mayar da martani da Stupefy, sihirin da ke gigita maƙiyi. Idan ja ce, garkuwa ba ta da amfani, sai mirginawa. Garkuwar abokan gaba ma launi gare ta. Mai ruwan ɗorawa Levioso, sihirin ɗaga abu sama, ke fasa ta, mai ruwan shuni Accio, sihirin jawo abu, ja kuma Incendio. Da na fahimci wannan sai na daina jera sihiri yadda na ga dama. A kowane jeri nakan sa launi ɗaya a wuri ɗaya, yadda babban yatsana zai san inda ja yake ko da idona yana kan fagen daga. Daga baya wasan yana ba ka damar buɗe jeri har huɗu, kana sauya su da R2 da maɓallan kibiya, kuma a nan ne tsarin ya nuna amfaninsa. Gasar faɗan sihiri ta Crossed Wands da ɗalibai ke yi a ɓoye a cikin wasan ita ce inda na fi samun horo.

Kibiyar hagu ta Revelio ce, mai tona abin da ke ɓoye, ita kam za ka danna ta har ka gaji. Kibiyar ƙasa maganin warkewa ce. Kada ka manta da R1, maɓallin da ke kusa da R2, wanda ke ɗaukar ganga ko dutse ya maka wa maƙiyi, don yana fasa garkuwa cikin sauri.

Hawan tsintsiya don tashi sama ne har yau bai zauna mini daidai ba. Sandar hagu ta jikin hannun wasan ke juya ka, ta dama kuma ke hawa da sauka, alhali hannuna ya saba da cewa ta dama ta kallo ce. Ina son in waiwaya in kalli hasumiyar makarantar, sai in tsinci kaina ina gangarowa ƙasa. Na saba dai, amma ban ji daɗinsa kamar faɗa ba.

Ga wanda zai fara, ina ba da shawarar ya sa matakin Easy, wato mai sauƙi, na 'yan kwanaki kafin ya koma Normal, wato matsakaici. Ni a mako na biyu na ɗaga shi, kuma a daren ranar na fasa garkuwa uku a jere ba tare da na kalli hannuna ba.